Littafin Da Ya Ƙi Tsufa

Littattafai da yawa, in an karanta su sau ɗaya, shi ke nan, sai gara ta cinye su. Amma akwai waɗansu kaɗan da suka shekara ɗaruruwa, har yanzu ba a gaji da su ba. Ɗalibi ya kan yi tambaya, me ya sa haka? Littafin Kalila da Dimna ya isa misali.

Kalila da Dimna diloli ne guda biyu, a fadar zaki suke. Wata rana zaki ya ji kukan wani bijimi, tsoro ya kama shi, gama bai taɓa jin irinsa ba. Dimna, don neman girma, ya tafi ya zo da bijimin. Ashe zaki da bijimi za su zama aminai, har a manta da Dimna. Sai hassada ta ci shi. Ya je ya gaya wa zaki wai bijimi yana neman sarautarsa, ya koma ya gaya wa bijimi wai zaki zai cinye shi. Kalila ya yi ta yi masa faɗa, bai ji ba. Da suka haɗu, kowa na zargin ɗan'uwansa, zaki ya kashe amininsa, sa'an nan ya zauna yana da-na-sani.

To, dabbobi aka ambata, amma da mutane ake. Yaro ya ji daɗin labarin dila, dattijo kuwa ya tuna da wani annamimi da ya taɓa raba shi da masoyinsa. Ba garin da ba shi da Dimna. Wannan shi ya sa kowace al'umma ta ji labarin sai ta ga kamar don ita aka yi shi.

A ƙasar Indiya aka fara rubuta shi. Wajen shekara ta 570 wani likita mai suna Burzuya ya juya shi da harshen Farisa, a zamanin Sarki Kisra Anushirwan. Wannan fassara ta ɓace, amma kafin ta ɓace Abdullahi ɗan Muƙaffa'u ya mai da ita Larabci, wajen 750. Daga Larabci aka juya shi da harshen mutanen Sifen a 1251.

A littafin Indiya, ba a hukunta dilan nan ba. A na Larabci kuwa akwai babi guda inda aka gurfanar da Dimna gaban shari'a, ya yi ta kare kansa da daɗin baki, har shaidu suka tona asirinsa, aka kashe shi. Masana sun ce ɗan Muƙaffa'u ne ya ƙara babin nan.

Littafin ya iso ƙasar Hausa da Larabci. Yana cikin littattafan da Alhaji Abubakar Imam ya duba sa'ad da yake shirya Magana Jari Ce, wadda ta fara fitowa a 1937.