Nutso a teku: Tambayoyin da ya kamata matafiyi ya yi kafin ya hau jirgin kamfani

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da ya saba shiga ofisoshin shirya tafiye-tafiye na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya san yadda cinikin yake. A faɗi ƙasa, a faɗi kwanaki, ejan ya haɗa biza da tikiti da masauki, a yi tayi, a ba da kafin alƙalami. Tsari ne da aka gina a kan sanayya, kuma yana aiki, domin ejan yana da ofishin da kowa ya sani, in ya saɓa alkawari akwai inda za a same shi.

Sai dai akwai wurin da wannan sanayya ba ta kaiwa. Daga Kano jirgi yana tashi zuwa Alƙahira da Jidda, kuma wanda ya ƙarasa garuruwan gaɓar Bahar Maliya irin su Sharm el-Sheikh da Hurghada da Dahab, ko ya sauka Zanzibar, da wuya ya kwana biyu ba a yi masa tayin nutso ba: a ɗora masa tukunyar iska a baya, a shiga da shi ƙarƙashin teku ya ga kifaye da murjani. Ejan na Kano ba shi ne mai jirgin ba. Yawanci wanda ke tallar a harabar otal ma ba shi ne ba, dillali ne mai jiran la'ada. Wanda ran mutum zai koma hannunsa wani kamfani ne na uku, wanda sau da yawa ko sunansa mai biyan kuɗin bai tambaya ba.

Ba irin nutson Argungu ba ne

Nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawa sun gaje shi, kuma a bikin Argungu ana ganin gwanaye suna ɓacewa a kogin Matan Fada. Gwanintarsu ita ce riƙe numfashi. To, abin da ya zama gwaninta a can shi ne ke kisa a nan.

Dalili kuwa nauyin ruwa ne. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na doron ƙasa sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Mai tukunya yana shaƙar iskar da ta matsu daidai da zurfin da yake. Idan ya tsorata ya riƙe numfashi ya yo sama daga mita 10, iskar da ke ƙirjinsa za ta nemi ta ninka girmanta, kuma huhu na iya yagewa. Saboda haka darasin farko da ake koya wa ɗan koyo shi ne kada ya taɓa daina numfashi.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa ta shiga jini da tsoka. In aka taso a hankali sai ta fice ta numfashi. In aka yi gaggawa sai ta yi kumfa a cikin jiki, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kumfar kan tsaya a gaɓoɓi, a wani lokaci a laka ko ƙwaƙwalwa, har ta kai ga shanyewar jiki. Wannan ne ya sa ake tsayawa minti uku a zurfin mita 5 kafin a fito, ko da nutson bai yi nisa ba.

Daga waɗannan dalilai ne aka raba harkar gida biyu. Nutson shaƙatawa yana da iyaka: wanda bai taɓa yi ba, malami na riƙe da shi, ba ya wuce mita 12. Mai takardar shaidar matakin farko ta ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, yana tsayawa a mita 18, mataki na gaba mita 30, ƙarshen iyaka kuma mita 40. Abin da ya wuce nan ya zama nutson ƙwararru, inda ake ɗaukar tukwane da yawa, a gauraya iskar da hiliyam, a riƙa tsayawa zango-zango kafin a iso sama. Mai irin wannan nutso ba shi da damar ya fito kai tsaye ko me ya same shi.

Gwajin farko ga kowane kamfani ke nan, kuma ba ya cin ko sisi. Kamfanin kirki shi ne zai fara yi wa mutum tambaya: ina takardarka, nutso nawa ka yi, yaushe rabonka da ruwa? Wanda bai tambayi komai ba sai kuɗi ya riga ya nuna halinsa. Misali, jirgin Birtaniya mai suna Thistlegorm da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941 yana kwance a zurfin kusan mita 30, da babura da motocin soja a cikinsa har yau, kuma yana cikin wuraren da aka fi talla a Sharm el-Sheikh. Idan kamfani ya yarda ya kai mai takardar mita 18 ƙasan wannan jirgi don kawai ya biya, to zai yarda da wasu abubuwan da mai biyan ba zai gani ba. A Dahab kuwa akwai ramin nan da ake kira Blue Hole, mai wata ƙofa ta dutse a zurfin kusan mita 55. Ta ci rayuka da yawa, akasari na waɗanda suka tunkare ta da tukunya ɗaya ta iskar yau da kullum, alhali tun daga wajen mita 30 naitirojin ke fara sa mutum maye, ya rasa tunanin komawa.

Jirgin ma abin bincike ne

Masu nutso sun fi damuwa da abin da ke ƙarƙashin ruwa, amma manyan asarorin shekarun nan a kan ruwa suka faru, wasu ma mutane na barci.

A ranar 2 ga Satumban 2019 gobara ta tashi cikin dare a jirgin masu nutso mai suna Conception a gaɓar jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 suka mutu a ɗakin kwana na ƙasa. Bincike ya gano babu mai gadin dare da ke zagayawa, duk da cewa doka ta wajabta, kuma daga baya kotu ta yanke wa kyaftin ɗin ɗaurin shekara huɗu. A ranar 25 ga Nuwamban 2024 jirgin Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam a Masar inda aka rasa mutum 11, wasu an tsamo gawarwakinsu wasu ba a gan su ba. Hukumar hasashen yanayi ta Masar ta riga ta yi gargaɗin cewa teku zai yi tsanani a kwanakin.

Bayan wannan ne hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a Fabrairun 2025, inda ta ce ta san da haɗurra 16 na jiragen masu nutso da ake kwana a cikinsu a Bahar Maliya cikin shekara biyar. Abubuwan da ta lissafa ba na masana kaɗai ba ne, ido ma na iya ganin wasunsu: jiragen da aka yi wa ƙari har suka rasa daidaito, kayan ceto da suka lalace ko wa'adinsu ya wuce, hanyoyin fita marasa alama da fitila, da ma'aikatan da ba sa yi wa fasinja cikakken bayanin abin da zai yi idan wani abu ya faru.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a ruwan Bagwai da fasinjojin da suka taso daga ƙauyen Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa aƙalla mutum 29, kuma lodin da ya wuce kima aka ɗora wa laifin. Jirgin Masar yana da na'urar sanyaya ɗaki da farin fenti, amma lissafin mai shi bai bambanta ba: kowane ƙarin fasinja riba ne, kowace ranar da aka fasa fita saboda iska asara ce. Don haka tambayar ko kamfani yana mayar da kuɗi idan yanayi ya hana fita ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Kamfanin da ba ya mayarwa, kuma ba ya ɗagawa, ya fi kusa da ya fita a ranar da bai kamata ba.

Akwai kuma ƙidayar mutane, wadda sauƙinta ke sa a raina ta. A Janairun 1998 wani jirgi ya dawo daga tekun Ostireliya ya bar wasu ma'aurata 'yan Amurka a cikin ruwa, ba a lura ba sai bayan kwana biyu da aka ga jakarsu. Ba a sake ganin su ba. Kamfanin da ya san aikinsa yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya daga takarda bayan kowane nutso, ba ya ƙirga kawuna daga nesa.

Inda araha ke fitowa

Ɗan kasuwar Kwari ko Singa ya san cewa idan kaya ɗaya suka zo da farashi biyu masu nisa, akwai abin da aka cire daga ɗaya. A harkar nutso abin da ake cirewa ba ya fitowa a hoton talla. Ana haɗa wa malami ɗaya mutane fiye da waɗanda idonsa zai iya bi. Ana jinkirta gwajin tukwane, alhali a ƙasashe da dama ana duba cikinsu duk shekara, kuma ana buga ranar babban gwajin a kafaɗar tukunyar, inda kowa zai iya karantawa. Ana barin matatar injin cika iska ta wuce lokacinta. Wannan na ƙarshe ya fi muni idan injin yana zuƙo hayaƙin salansa, domin gubar da ke cikinsa ita ce dai ta hayaƙin janareta da ke hallaka iyalai cikin barci a Najeriya. Iskar tukunya ba ta da wari, in an ji ƙaurin mai ko hayaƙi sai a ajiye ta.

Lasisi kuma ana iya tabbatar da shi tun daga Kano. A Masar cibiyoyin nutso suna ƙarƙashin hukumar CDWS da Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, kuma PADI tana da shafin intanet da ake duba cibiyoyin da ke da rajista da ita. Tambarin da aka manna a ƙofa ba hujja ba ne. Sai mutum ya nemi ejan ya kawo masa cikakken sunan cibiyar da na jirgin a rubuce kafin ya biya, idan kuma ejan ya ce sai an isa can za a sani, gara a cire nutson daga cinikin, a nema da kai bayan an sauka.

Tambayoyi biyu ne ke saurin bambance kamfanoni: akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a jirgin da wanda ya iya amfani da ita? Kuma awa nawa ne zuwa ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake jinyar wanda kumfar nan ta kama? Sharm el-Sheikh da Hurghada suna da irin wannan ɗaki, amma jirgin da ya yi nisa a teku na iya kwashe sa'o'i kafin ya iso. Jinyar tana da tsada ƙwarai, kuma inshorar tafiya da ake saya don neman biza ba lallai ta ƙunshi nutso ba. Ƙungiyar DAN tana sayar da inshora ta musamman a kan wannan.

Abin da za a gama tun a gida

Kowace cibiya ta gari tana ba da takardar tambayoyin lafiya, kuma jarabar da ke kama wanda ya riga ya biya kuɗi ita ce ya amsa a'a ga kowace tambaya. Farfaɗiya, asma, ciwon zuciya, hawan jini da ciwon suga duk suna buƙatar ganin likita, mai juna biyu kuwa ba ta nutso. Akwai wadda ta fi shafar mutanen nan fiye da Turawan da aka fi tsara harkar dominsu, wato sikila, wadda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da raguwar oksijin duk suna tayar da ciwon, shi ya sa likitocin nutso ke hana mai SS. Mai AS ma ya kamata ya faɗa wa likita. Ga mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, kuma ya fi sauƙi a yi wannan magana da likita cikin Hausa a gida da a yi ta da tafinta a bakin teku. Yara kuwa, PADI ba ta ba su takarda sai sun kai shekara 10.

Saura jadawalin tafiya, wanda shi kam a hannun ejan na Kano yake. Matsin iska a cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, saboda haka naitirojin da ta rage a jiki na iya yin kumfa bayan an tashi. Ƙa'idar DAN ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, fiye da haka sosai ga nutson ƙwararru, kuma cibiyoyi da yawa sun fi son a cika awa 24. Al'adar matafiyi ita ce ya gama asibiti ko sarin kaya, ya bar yawon buɗe ido zuwa ranar ƙarshe. A nan sai a juya tsarin: nutso ya zo da wuri, kasuwa ta koma ranar ƙarshe. Kuma lissafin yana farawa ne daga ƙaramin jirgin da zai tashi daga Sharm el-Sheikh zuwa Alƙahira, ba daga wanda zai sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ba.