Lasifikar babbar murya da bango

Kowane abin kiɗa da irin muryarsa. Sarewa tana da siririyar murya. Tambari kuwa muryarsa kauri gare ta, har mutum ya ji ta cikin ƙirjinsa. Masu kayan sauti suna da wata lasifika wadda ba ta fid da komi sai murya mai kauri. Sunanta sabufa. Babban akwati ce mai nauyi, a ƙasa ake ajiye ta. A ƙaramin zauren wasa, wurin da aka ajiye ta yana iya gyara kiɗa, yana kuma iya ɓata shi.

Sauti girgizar iska ne. In an bugi ganga, fatarta tana tura iska gaba, tana jan ta baya. Wannan girgiza tana tafiya kamar igiyar ruwa a tabki. Tana cin wajen mita 340 cikin sakan ɗaya. Kunnen yaro lafiyayye yana jin girgiza daga 20 zuwa 20 000 a sakan. Sabufa ta ƙasa-ƙasa take fitarwa, wadda ba ta wuce kamar 100 ba.

Don a san tsawon igiyar sauti, sai a raba 340 da yawan girgizar. Siririyar murya mai girgiza 3 400 tsawon igiyarta santimita 10 ne. Murya mai kauri mai girgiza 85 kuwa, igiyarta mita 4 ce. Gajerar igiya gaba take nufa, kamar hasken tocila. Doguwar igiya tana bazuwa ta ko'ina, har bayan akwatin.

Sautin da ya yi baya yana bugun bango, ya komo, ya tarad da wanda ya yi gaba. To, kowace igiya rabinta turi ne, rabinta ja ne. In turi ya gamu da turi, murya ta ƙara ƙarfi. In turi ya gamu da ja, sai su kashe juna.

Ga misali. An ajiye sabufa, tsakanin fuskarta da bango mita 1. Sauti ya je bango ya komo, ya yi mita 2 ke nan. Mita 2 rabin mita 4 ne. Saboda haka murya mai girgiza 85 tana komowa a juye, ta rage ƙarfin ƴar'uwarta. Ƴan kallo su ga makaɗi yana bugun ganga, amma ba su ji kaurinta ba. Mai kayan sauti ya yi ta ƙara wuta. Wannan ba ya magani, domin sautin da ke komowa shi ma ƙaruwa yake yi. Ƙarshenta lasifika ta ƙone, wasa ya tsaya.

Maganin abin shi ne a matsa akwatin jikin bango. In tazarar ta koma rabin mita, muryar da ke mutuwa ita ce mai girgiza 170. Wannan kuwa ba ta cikin aikin sabufa. Sauran muryoyin masu kauri suna komowa da wuri, su haɗu da na gaba, ƙarfi ya ƙaru ba tare da an ƙara wuta ba. In akwatin yana da kafar iska ta baya, sai a bar ɗan fili kada a toshe ta.

A kusurwa, inda bango biyu da ƙasa suka haɗu, ƙarfin ya fi yawa. Amma sau da yawa sai kiɗa ya yi gunji, rufin kwano ya riƙa rawa, muryar mawaƙi ta ɓace. Don haka gwanin sauti ba ya zama wuri ɗaya. Kafin mutane su zo, yana sa kiɗa, ya zagaya zauren yana saurare, ya matsa akwatin har sai ko'ina ya daidaita.

A gwada
A kunna rediyo a tsakiyar aji. Sa'an nan a kai ta kusurwa, a ajiye a ƙasa. A ina muryar ta fi kauri?

Tambayoyi
1. Wace irin murya sabufa take fitarwa?
2. Mita nawa ne tsawon igiyar murya mai girgiza 68?
3. Don me ƙara wuta ba ya mai da muryar da ta mutu?