Sifofin dutse a Faransanci da tushensu na Latin

Bahaushen da ke zaune a zangon Sokode, ko mai fatauci zuwa Dapaong a arewacin Togo, yana cin karo da Faransanci a allunan hanya da takardun makaranta. Ƙasar kuwa ta duwatsu ce. Tsakanin Sokode da Bafilo akwai Alejo, inda aka tsaga dutse hanya ta ratsa, a kusa da Dapaong kuma akwai kogunan dutse na Nok da zane-zanen Namoudjoga. Kalmomin da ake siffanta irin waɗannan wurare da su kan rikita ɗalibi, domin Hausa da Faransanci ba hanya ɗaya suke bi ba.

Hausa takan ɗauki suna ta sa masa "mai": wuri mai duwatsu, hanya mai tsakuwa. Latin kuwa ɗafa-ƙeya take amfani da shi, wato -osus, mai ma'anar "cike da". Daga petra, dutse, wadda ta aro daga Girkanci, aka sami petrosus. Daga saxum aka sami saxosus. Wannan ɗafa-ƙeya ya koma -eux a Faransanci, -oso a Italiyanci da Sifaniyanci. Shi ya sa ake da pierreux da rocheux, da pietroso da sassoso, da rocoso. A lura, saiwar rocheux ba ta cikin Latin na littattafai, daga bakin jama'a ta fito.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar kalmomin tamkar ma'anarsu ɗaya. Gona pierreux ita ce mai duwatsu warwatse, ana iya tsince su a yi noma. Rocheux kuwa fā ne ko tsauni, garma ba ta da aiki a kansa. In tsakuwa ce, caillouteux za a ce. Mai fassarar da ya kira su duka "mai duwatsu" ya ɓatar da manomi.

Rupestre daban take. Daga rupes ta fito, wato gangaren dutse, kuma abin da aka yi a jikin dutse take nufi, kamar zanen Namoudjoga.

Ita ma petra ta iso Hausa ta bayan gida. An haɗa ta da oleum, mai, aka sami petroleum, "man dutse", wanda ya biyo ta Ingilishi ya zama fetur. Sunan Bitrus ma tushensa ɗaya da Pierre da Pedro.