Ranar Da Muka Ciro Akwatin Sitiyarin Akori-kura A Haɗejia

Duk wanda ya taɓa hawa bayan akori-kura daga Haɗejia zuwa ƙauyukan Guri ko Kirikasamma da damina ya san yadda direba ke kokawa da sitiyari. Ga laka, ga ramuka, ga buhunan shinkafa da kwandunan kifi, sannan mutane a samansu. Irin wannan motar ce, tsohuwar Toyota Hilux, aka kawo garejin da muke koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973 don ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu.

Direban ya ce sitiyarin yana wasa. Sai ka juya shi kusan taƙi guda tayoyi ba su motsa ba. A kan siririyar hanya mai ruwa hagu da dama, wannan taƙin ya isa ya jefa mota da mutanenta cikin fadama.

Mu da ɗokinmu har mun ɗauko sifana. Oga ya tsayar da mu, ya sa ɗayanmu ya riƙa girgiza sitiyari, mu kuma muka leƙa ƙasa muna kallo, domin sau da yawa tayirod ne ke da laifi. A nan kuwa sandar da ke shiga akwatin tana juyawa, amma hannun ƙarfen da ke fitowa daga ƙarƙashinsa yana tsaye. Cikin akwatin ne ya cinye. Akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagaya wani zare a ciki. Idan roba mai tare mai ta lalace, mai ya tsiyaye, ruwa da yashi su shiga su goge su.

Muka daidaita tayoyin gaba, muka sa duwatsu a tayoyin baya, muka ɗaga mota muka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Aka ɗaure sitiyari da igiya, aka yi alama da fenti a mahaɗar sanda da akwati. Wannan alamar ta fi kama da wasan yara, amma in babu ita, bayan an mayar sai sitiyari ya karkace alhali mota na tafiya miƙe.

Tiyon mai bai ba mu wuya ba, mun tara man a gwangwani. Hannun ƙarfen nan ne ya cinye mana yini. Tsatsa ta manne shi, mun kwance babban notin amma ko gezau. Ɗayanmu ya ɗaga guduma, Oga ya karɓe ta, ya kawo ƙarfen zaro mai ƙugiya biyu, muka riƙa ɗaure shi a hankali har muka ji ƙara ɗau! Sauran notocin da ke riƙe akwatin a jikin shasi suka biyo baya. Mutum biyu suka tallabe shi, don nauyinsa ya wuce yadda ido ke gani.

Direban ya so a ɗaure ɗan sukurun saman akwatin kawai, ya koma lodi. Mun fahimce shi, kowane yini a gareji asara ce gare shi. Sai dai akwatin da ya cinye, in aka matse shi, sitiyari kan yi tauri ya ƙi dawowa bayan kwana. Da la'asar ya haƙura, aka yi waya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a aiko da wani.