Gwajin Kaurin Ƙaro da Abin da Yake Nufi ga Manomi

A kasuwannin Yobe da Barno da Jigawa, da ido ake sayen ƙaro: mai saye ya duba launi da girman ƙwaya ya yanke farashi. Kamfanonin ƙasashen waje kuwa, masu sa shi cikin lemon kwalba da alewa da magunguna, ba sa biya sai ya bi ta ɗakin gwaje-gwaje, inda ɗaya daga cikin abubuwan da ake aunawa shi ne kaurinsa bayan an jiƙa shi.

Darajar ƙaro mai lamba ɗaya, wato na itacen dakwara, ita ce yana narkewa da yawa a ruwa ba tare da ya yi kauri sosai ba. Ana iya narkar da shi har ya kai kusan kashi 50 cikin 100 na haɗin, alhali wasu nau'o'in danƙon itatuwa kaɗan za a zuba ruwa ya cuɗe kamar miyar kuɓewa.

Ga yadda gwajin yake. Ana daka ƙaron, a auna giram 25, a ƙara tataccen ruwa har nauyin ya cika giram 100, a bar shi ya kwana, a tace. Daga nan sai a tsoma sandar na'urar Brookfield a ciki. Sandar tana juyawa, na'urar kuma tana auna ƙarfin da ruwan yake riƙe ta da shi. Sunan ma'aunin sentifoyis. Ruwan sha bai wuce 1 ba. Wajibi ne a tsayar da zafin a wuri ɗaya, galibi digiri 25, domin zafi yana tsinka ruwan ƙaro kamar yadda rana take tsinka zuma. Sakamakon da bai faɗi zafin da aka yi awo da shi ba, a ganina, ba abin dogaro ba ne.

Inda manomi yake cutuwa shi ne gauraye. Idan aka haɗa na dakwara da na marke ko ciriri don buhu ya cika, kaurin yakan kauce daga abin da kamfani ya sharɗanta, sai a mayar da kayan gaba ɗaya ƙaramar daraja. Na dushe ma, mai lamba biyu, kasuwarsa daban ce, kuma wani gwajin na haske yana tona shi.

Saboda haka malaman gona su nuna wa masu tsinka su ware buhu ga kowane irin itace tun daga daji. A cire ɓawo da yashi, a shanya a inuwa kan tabarma. Ƙa'idar duniya ba ta yarda danshin ƙwayar ƙaro ya wuce kashi 15 cikin 100 ba, don haka buhun algarara ya fi na leda wajen ajiya.