Akwatin Tambaya a Kan Shuɗin Allo: Sahihi da Ƙarya Cikin Abin da Ake Faɗa a Kwangila

Duk wanda ya san Kwangila ya san cewa mahaɗar hanyoyi ce, wannan ta nufi Kano, wannan ta nufi Kaduna, waccan kuwa ta bi ta Samaru ta miƙe zuwa Funtuwa har Sakkwato. Kuma inda matafiya ke sauka suna hawa dare da rana, labarai ma nan suke sauka, na gaskiya da na ƙanzon kurege, su cakuɗe har mai hankali ya rasa na kamawa. A shagunan da ke kewaye da gadar, wurin masu buga takardu da masu gyaran waya da masu cike wa ɗalibai fom na jarrabawa, wani zance ya yaɗu game da wani abu da yakan bayyana a kwamfutocin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke zuwa da su: allo ya koma shuɗi baki ɗaya, akwati mai ruwan toka ya fito a tsakiya ɗauke da tambaya cikin Turanci, a ƙasansa amsa biyu, linzamin kwamfuta kuma ya ƙi motsa komai. Wasu sun ce ƙwayar cuta ce, wasu sun ce alamar masu kutse ce, wasu sun ce na'urar ce ta kusa mutuwa. Da yake malamanmu sun koya mana cewa ba a karɓar ruwaya sai an duba isnadinta, ya kamata mu bi waɗannan zantuka da tahakiki, domin a cikinsu akwai maudu'i tsantsa, akwai mai rauni, akwai kuma guda ɗaya sahihi wanda, abin mamaki, shi ne aka fi yin sakaci da shi.

Asalin al'amarin shi ne, a kwamfutocin da ke aiki da Linux da danginsa akwai abin da masu sana'ar ke kira baƙin allo, wato wurin da mutum ke rubuta wa na'ura umarni da haruffa maimakon danna hotuna. Idan umarnin ya yi yawa, kuma ana maimaita shi kullum, sai a jera shi a fayil guda, layi bayan layi, a ce wa na'ura ta bi shi daga sama har ƙasa. Wannan shi ne rubutun umarni, kuma manhajar da ta fi shahara wajen karanta shi ita ce bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989 bisa tafarkin wadda Stephen Bourne ya yi wa Unix a 1979. To, idan rubutun ya kai inda yake bukatar ra'ayin mutum, kamar a goge ko kada a goge, ko wane harshe za a zaɓa, sai ya kira wata ƙaramar manhaja ta zana akwati ta yi tambayar a madadinsa. Biyu ne mashahurai: dialog, wadda Savio Lam ya fara, aka san ta tun 1994, Thomas Dickey kuma ya karɓi kulawa da ita daga baya, da whiptail, wadda ta dogara kan kayan aikin newt na kamfanin Red Hat, wadda Debian da Ubuntu, wato wasu nau'o'in Linux, ke amfani da ita idan ana saka sabuwar manhaja, kuma ita ce ke fitowa ga mai saita ƙaramar na'urar Raspberry Pi.

Da wannan bayani zancen ƙwayar cuta ya faɗi, domin akwatin nan halastaccen ɓangare ne na tsarin, an san marubutansa, kuma rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Haka nan zancen cewa shi ne shuɗin allon mutuwa na Windows kuskure ne da launi kawai ya jawo. Na Windows ba ya tambayar kowa komai, sanarwa ce cewa tsarin ya tsaya, sai ya nuna lambar kuskure ya sake kunna kansa. Wannan kuwa zaman jiran amsa yake yi, kuma zai jira har gobe in ba a amsa ba. A Ubuntu ma allon ba shuɗi ba ne, shunayya ne mai duhu. Abin da ke sa mutane zaton na'ura ta daskare shi ne galibi linzami ba ya aiki a wurin, kuma da yawa sun gamu da wannan lokacin saka haruffan Microsoft a Ubuntu, inda dogon rubutun yarjejeniya ke fitowa da amsa guda a ƙasa, mutum ya yi ta dannawa ba abin da ya faru, alhali maganin bai wuce ya danna maɓallin Tab amsar ta yi haske, sannan ya danna Enter ba.

Masu cewa yana cin data ko ba ya aiki sai da intanet sun haɗa abu biyu da ba su da alaƙa ta dole. Zanen akwatin a cikin na'urar ake yinsa, ko da an cire ta daga kowace hanyar sadarwa. Abin da ya haifar da shubuhar shi ne masu kula da manyan kwamfutoci sukan shiga na'urar da ke wani gari ta hanyar SSH, kuma a can ne akwatin ke nuna fa'idarsa, saboda haruffa kawai ake aikowa ba hotuna ba. Allon gargajiya, irin na na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, layi 24 ne kowane layi harafi 80, jimla 1920, wanda ko a ranar da sabis ya yi rauni ƙwarai yakan iso ba wahala. Wannan kuma shi ne jawabin masu raina shi da cewa kayan da ne. Tsufa kam sun yi gaskiya, domin dialog ta ginu ne a kan dabarar curses, wadda Ken Arnold ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli wajen 1980, kuma Slackware, nau'in Linux da aka fara a 1993, har yau da dialog ake saka shi. Amma tsufa daban, rashin amfani daban. Galibin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet ba a saka musu allon hotuna ko kaɗan, mai kula da su kuwa dole ya yi tambaya ya karɓi amsa. Wanda yake da allon hotuna yana da zenity ko kdialog, masu yin aiki iri ɗaya da tagogi na zamani, wanda kuma ba shi da kwamfuta sai wayar Android yana iya gwada dialog a cikin manhajar Termux.

Yanzu sai mu zo ga inda bahasin ya fi nauyi, kuma a ganina nan ne jama'a suka juya al'amarin kansa ƙasa, suka ji tsoron abin da bai cancanci tsoro ba, suka amince da abin da bai cancanci amana ba. Akwai masu cewa, da zarar akwati ya tambaye ka, ka zaɓi a'a, to ka tsira, domin na'ura ba ta saɓa wa amsarka. Mu duba yadda abin yake a zahiri. Mai rubutu yakan sa layi kamar haka: whiptail --yesno "A goge fayilolin?" 8 40, ma'ana a zana akwati mai tsawon layi 8 da faɗin harafi 40, a sa wannan tambaya a ciki. Idan mutum ya amsa da i, manhajar ta mayar wa rubutun da lamba 0. Idan ya ce a'a, ta mayar da 1. Idan ya danna Esc don ya fice, ta mayar da 255. Iyakar aikinta ke nan, ba ta goge komai, ba ta hana a goge komai. Abin da zai biyo baya yana hannun layukan da ke ƙasa, kuma idan marubucin ya yi ganganci ya ce a tsaya in lambar 1 ce kawai, in ba haka ba a ci gaba, to wanda ya danna Esc da niyyar gudu an lissafa shi cikin masu yarda, fayilolinsa kuma sun tafi. Wannan a wurin mai kuskure ke nan. Mai mugun nufi kuwa yana iya rubuta abin da ya ga dama a kan amsoshin biyu, yana iya kuma yin watsi da lambar gaba ɗaya. Akwatin tamkar ɗan kamasho ne a tashar Kwangila, shi ke kiran sunan gari yana shigar da fasinja, amma sitiyari na hannun direba.

Haka lamarin yake ga sandar nan da ke cika a hankali tana nuna kashi nawa cikin ɗari aka yi, wadda mutane ke zuba wa ido da yaƙinin cewa awo ne na gaskiya. Ita dai lambobi take karɓa daga 0 zuwa 100, duk lambar da rubutun ya miƙo ita za ta zana. Marubuci mai tsoron Allah yakan ɗaura lambar a kan yawan fayilolin da aka kwafa. Malalaci kuwa yakan sa na'ura ta ƙirga da kanta tana ɗan dakatawa tsakanin lamba da lamba, sandar ta cika fal ko da ba a yi aikin komai ba. Saboda haka mai shagon da ya nuna wa abokin ciniki sanda ta kai ɗari a matsayin hujjar cewa an kwashe masa hotunansa kafin a wanke na'ura bai kawo hujja ba tukuna, sai an buɗe ma'ajiyar an ga hotunan da ido.

Ruwayar da ta inganta ita ce ta masu cewa ana satar kalmar sirri ta irin wannan akwati, sai dai sun yi kuskure wajen ɗora laifin a kan launin allo. Akwatin kalmar sirri yakan ɓoye abin da ake rubutawa daga idon wanda ke tsaye a bayanka, ko ya nuna taurari ko kada ya nuna komai, amma yana miƙa kalmar ga rubutun a fili, harafi da harafi, rubutun kuma yana da ikon ajiye ta ko aika ta inda ya so. Ba kuma Linux kaɗai abin ya shafa ba: a 2023 masana tsaron kwamfuta sun bayyana wata manhajar sata mai suna Atomic Stealer, wadda ke fito wa masu kwamfutar Apple da tagar ƙarya ta hanyar manhajar osascript tana neman kalmar sirri kamar tsarin ne da kansa ke nema. Daga 2024 kuma wata damfara ta yawaita, inda shafin intanet ke ce wa mutum ya kwafi wani layi ya liƙa a kwamfutarsa wai don ya tabbatar shi ɗan Adam ne, alhali layin umarni ne na sauko da ɓarna. Wanda ya ji tsoron shuɗin allon da Debian ta fito masa da shi, amma ya liƙa umarnin da wani baƙo ya turo masa a WhatsApp, ya bar jaki yana dukan taiki.

Saura mas'ala guda da ta shafe mu mu Hausawa, wato zancen cewa akwatin ba ya jin Hausa. Ba ya jin Turanci ma, duk abin da aka sa tsakanin alamun zance shi yake zanawa, kuma amsoshin nan biyu ana iya mayar da su I da A'a da ƙarin kalmomi kaɗan a layin umarni. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya ta daɗe tana bugawa a takarda, suna cikin tsarin Unicode, kuma suna fitowa daidai muddin an saita na'urar a kan UTF-8 kuma salon haruffan allon yana ɗauke da su. Idan aka ga alamar tambaya ko ɗan murabba'i a gurbinsu, saitin ne da gyara. Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya shi ne ajami, domin da yawa daga manhajojin baƙin allo ba su ƙware wajen jera rubutu daga dama zuwa hagu ba, balle haɗa baƙaƙe da juna da ɗora musu wasali yadda almajiri ya saba gani, don haka akwatin ajami yakan fito a wargaje.

Abin da ya sa wannan fanni ya fi sauran sauƙin tantancewa shi ne rubutun umarni ba a kulle yake ba, rubutu ne zalla da kowace manhajar rubutu ke buɗewa, kuma sau da yawa bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba. Ko wanda bai yi nisa a ilimin ba yana iya neman kalmomi huɗu a ciki: rm mai gogewa, curl da wget masu sauko da kaya daga intanet ko aikawa, da sudo mai neman ikon shugaban na'ura. Ganinsu ba ya nufin akwai sharri, amma yana nufin akwai abin tambaya. Don haka, ya kai mai shago da kai ɗalibi, idan akwati ya nemi kalmar sirrinka, ka dakata ka tambayi wanda ya kawo rubutun daga ina ya samo shi, ka buɗe ka karanta, in ba ka iya ba ka kai wa wanda ya iya. Zariya ba ta rasa masu wannan ilimi ba, daga cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar da ke Samaru har zuwa Kwalejin Nuhu Bamalli.