DANKALIN TURAWA: ABIN DA YUNWAR AILAN ZA TA KOYA WA MAHUKUNTANMU

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya je gindin gadar Anacha, ko kasuwar Ogbete ta Inugu, ko kuwa kasuwannin kayan gwari na Fatakwal, ya san yadda asuba take a wurin 'yan Arewa mazauna waɗannan garuruwa. Manyan motoci sun kwana bisa hanya, 'yan dako suna ta sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir, dillalai na tsaye da littafi suna ƙirga. A cikin kayan da ake saukewa akwai dankalin turawa, wanda abokan cinikinmu na Kudu suke kiransa da sunan ƙasar Ailan.

To, jama'a, wannan suna ba a banza ya samo asali ba. Akwai tarihi mai ban tausayi a bayansa, kuma tarihin ya shafi manomin Filato da ɗan kasuwar Anacha da mai gidan da ke cefane a Fatakwal.

Asalin dankalin daga duwatsun Amurka ta Kudu yake, wajen ƙasar Peru. Turawa suka kai shi ƙasarsu, sa'an nan ya iso mana ta hannun masu haƙar kuza da 'yan mishan a tsaunukan Jos, inda sanyin wurin ya karɓe shi. Yau Bokkos da Mangu da Barikin Ladi su ne rumbunsa. Daga can mota za ta biyo ta Akwanga da Lafiya, ta haye Binuwai a Makurɗi, ta ratsa Otukpo da Obollo-Afor har mararrabar da ke kusa da Inugu, inda hanya ta rabu, wata ta nufi Anacha, wata ta gangara Aba da Fatakwal.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Jirgin ƙasa ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 saboda kwal, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, shanu da gyaɗa da wake suka riƙa gangarowa, manja yana hawa. Har ma wani ɗan Arewa mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Watau abinci ya daɗe yana ɗinke Arewa da Gabas.

YUNWA GA ABINCI A TASHAR JIRGI

Ailan tsibiri ne a yammacin Ingila. A ƙidayar 1841 mutanenta sun ɗara miliyan 8. A lokacin Ingila ke mulkinta, kuma yawancin gonakin ƙasar suna hannun manyan masu ƙasa, da yawansu ma a Ingila suke zaune. Talaka sai dai ya yi aron ɗan fili, ya noma alkama ko ya yi kiwo don biyan haya, ya shuka dankali don cikinsa. Wajen mutum miliyan 3 ba su da wani abinci sai dankali, kuma galibi iri ɗaya tak suke shukawa, don ya fi yabanya a ƙasa maras ƙarfi.

A 1845 sai ga wata cuta ta ɓullo, wadda take ƙona ganye ta kuma ruɓar da dankalin tun yana cikin ƙasa. Tana son sanyi da laima, kuma iska ce ke yaɗa ta. Da yake irin ɗaya ne, abin da ya kama gonar wannan shi ya kama ta wancan. A 1846 kusan duk amfanin ya hallaka. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, wasu fiye da miliyan 1 sun tsere zuwa Amurka da Ingila da Kanada. Har yau, bayan shekara fiye da 170, mutanen tsibirin ba su koma yawansu na 1841 ba.

Abin lura a nan shi ne, cutar ta shiga wasu ƙasashen Turai, amma ba ta yi irin wannan kisa ba. Firayim Minista Robert Peel ya sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka a ƙarshen 1845. Gwamnatin da ta gaje shi a 1846 kuwa ta tsaya a kan cewa kada hukuma ta sa hannu cikin ciniki, a bar kasuwa ta yi halinta. Saboda haka jiragen ruwa suka ci gaba da fita da hatsi da shanu da man shanu, alhali kuwa mutane suna faɗuwa a gefen hanya. Cuta ta kashe dankali, rashin gona ta kai da rashin kuɗin saye da taurin kan hukuma su suka kashe mutane.

Mutanen Gabas ba sa bukatar a yi musu bayanin yunwa. Sun gan ta a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ba mamaki da ya zama 'yan Ailan suna cikin waɗanda suka fi kawo gudummawa a lokacin, har aka kafa ƙungiyar agaji ta Concern a Dublin a 1968 saboda wannan yunwar. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

YADDA SUKA GYARA

Gyaran farko shi ne na gona. Bayan gwagwarmayar manoma da ta soma a 1879, an yi dokoki, babbarsu ita ce ta 1903, waɗanda suka sa gwamnati ta ba 'yan haya rance suka sayi gonakin da suke nomawa. Manomin da ya san gonar tasa ce, shi ne zai zuba mata taki ya gyara magudana.

Na biyu, ilmi. Hukumar Teagasc, wadda aka kafa a 1988, ta haɗa bincike da horo da aikin malaman gona a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Tasharta ta Oak Park ce ta fito da irin dankalin Rooster, wanda ya mamaye kasuwar ƙasar. Ana bincikar gonakin iri kafin a ba su takardar shaida. Hukumar hasashen yanayi kuma takan yi shela idan ta ga sanyi da laima irin waɗanda cutar ke so, don manomi ya yi feshi kafin ɓarna ta auku.

Na uku, kasuwa. Ailan ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, manomanta suka sami tallafi da tabbataccen farashi. A 1994 aka kafa hukumar Bord Bia don neman wa abincin ƙasar masaya a duniya. Yau ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 5 da 'yan kai ba tana fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na naman shanu da madarar da take samarwa. Madarar gari da kifin ƙanƙara na Ailan har kasuwanninmu suna zuwa.

Amma fa kada mai karatu ya zaci sun huta. Da aka janye ƙayyadadden adadin madara a 2015, makiyaya suka ƙara shanu, madara ta tashi daga wajen lita biliyan 5 da rabi zuwa kusan biliyan 9 cikin shekara takwas. Kashin shanu da takin zamani suka soma ɓata koguna, kuma noma ya zama shi ke fitar da fiye da sulusin iskar da ke ɗumama duniya a ƙasar. A Yulin 2022 gwamnati ta yanke cewa sai aikin gona ya rage wannan iska da kashi 25 cikin 100 kafin 2030, manoma suka yi ta ƙorafi cewa an ce su ƙara shanu jiya, yau kuma an ce su rage. Ban da haka, da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, sai ƙasar ta farga cewa ta cika ciyawa da shanu amma tana sayo abincin dabbobi da kayan lambu daga waje, har da dankalin suya daga Ingila. Sai da gwamnati ta sa ladan Yuro 400 a kan kowace hekta ga wanda ya mai da makiyaya gonar hatsi. Ashe dogaro ga abu ɗaya, ko dankali ne ko nono, haɗarinsa ɗaya ne.

MU KUMA FA?

A nan gida ba mu rasa shirye-shirye ba. Janar Gowon ya kawo shirin gaggauta noman abinci a 1972, daidai da farin da ya addabi Arewa. Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka kafa hukumomin raya koguna 11, aka yi dokar mallakar ƙasa a 1978. Alhaji Shehu Shagari ya zo da nasa shirin na juyin noma a 1980, amma shinkafar waje ta ci gaba da cika tashar Ikko. Janar Babangida ya hana shigo da shinkafa a 1985, alkama kuma a 1987. An raba taki ta wayar hannu daga 2012. Shugaba Buhari ya buɗe shirin rancen manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015, ya rufe iyakoki a Agustan 2019, ya buɗe a Disamban 2020. Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yulin 2023, amma a Yunin 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara, har aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150.

Kowace gwamnati da nata sabon suna, kuma da ta tafi shirin ya bi ta. Alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Maputo a 2003, na ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga aikin gona, Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba. Ailan kuwa hukumomi kaɗan ta kafa, ta bar su suna aiki ko wace jam'iyya ce ke kan gado.

Wani abin tsoro shi ne cutar nan da ta hallaka Ailan tana nan a Filato. A daminar 2022 ta cinye gonaki masu yawa a Bokkos da Mangu da kewaye, dankali ya yi tsada daga Jos har Fatakwal. Dalilan kuwa sanannu ne: manomi yana ajiye iri daga amfanin bara shekara da shekaru har irin ya gaji, ire-iren da ake shukawa kaɗan ne, maganin feshi na da tsada kuma akwai jabu, malamin gona ya yi ƙaranci. Cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike, kusa da Umuahia, tana da tashar dankali a Kuru ta jihar Filato. Sai dai abin da tasha ɗaya za ta iya bai isa dubban manoma ba in babu kuɗin yaɗa tsabtataccen iri. A kan wannan kuma ga zubar da jinin da aka yi a Mangu da Bokkos a 2023, wanda ya raba mutane da gonakinsu.

HANYA ITA MA GONA CE

Ɗan gwari ya san abin da mai zanen shiri a ofis yakan manta. Kayan gwari ba sa jira. Motar da ta kamata ta kwana ɗaya a hanya, in ramuka da shingaye da masu yankan rasit suka riƙe ta kwana uku, rabin tumatir ya tafi, dankali ya soma zufa a buhu. Hasarar nan a kan mai saye take ƙarewa, ko kuma dillali ya karya wa manomi farashi. Janye tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota, zaman gida na ranar Litinin da aka soma a Gabas a Agustan 2021 kuma ya cinye wa 'yan kasuwa ranakun ciniki da yawa.

An ga gwajin abin a Fabrairun 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da lodi zuwa Kudu na kusan mako ɗaya. Tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo a Kudu, a Arewa kuwa kwandon tumatir ya faɗi warwas, yana ruɓewa a hannun manomi. Babu wanda ya ci riba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka kiranmu ga hukuma ba shi da tsawo. A ba tashar Kuru da makamantanta kuɗin yaɗa iri mai takardar shaida, ire-ire daban daban, ba guda ɗaya ba. Hukumar hasashen yanayi ta riƙa shelar haɗarin cutar dankali a rediyo da Hausa da harsunan Filato, kamar yadda take shelar saukar damina. A mai da harajin hanya guda ɗaya, a biya a wurin lodi, rasit ɗin ya yi aiki har wurin saukewa. Gwamnatocin Anambra da Inugu da Ribas su gina rumfuna masu iska da ɗakunan sanyi a kasuwannin saukale, su kuma zauna da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kafin a ta da wata kasuwa ko a rushe ta. A tsare ran manomi a gonarsa da ran direba a hanya, domin in babu su, taki da rance duk aikin banza ne.

Su ma 'yan uwanmu 'yan kasuwa da abin da ya rataya a wuyansu. A daina cusa ruɓaɓɓe a tsakiyar buhu, a daina ɓoye kaya don jiran tsada, a zauna lafiya da masu masauki. Ƙungiyoyin da ke tara kuɗin la'ada za su iya haɗa hannu da manoman da suke saye a wurinsu, su ba su rancen iri mai kyau tun kafin shuka, tun da in gona ta ƙone a Bokkos rumfa ce za ta rufe a Anacha.

Ailan sai da ta binne mutum miliyan 1 kafin a gyara dokar gonarta. Mu mun sami labarin kyauta. Allah ya ba shugabanninmu ikon aiki da shi, ya ba mu damina mai albarka, amin.